Makullin Motarka Yana Gidan Hamani

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata ka tashi lafiya, kai da matarka Zainabu da ɗiyarka Nana. Allah ya sa tafiyar da ke gabanku ta zama ta alheri, ya tsare gabanku da bayanku, ya sauke ku Damagaram lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci a sabon wurin aikinka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana a unguwar Kirkisoye a nan Yamai, bango ne kawai tsakanin ɗakina da naka, ga shi kuma ina aiko maka da takarda ta hannun innarka kamar kana wata ƙasa. To, ka san halin. Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. Haka ubana ya yi mini a Maraɗi, ni ma na ɗauka na ɗora a kanka ba tare da na tambayi amfaninsa ba. In ina son in san ko ka ci abinci, innarka nake tambaya ko yaron nan ya ci. Wannan kunya ta fi ƙarfin bakina, amma na gwada na ga ba ta kai hannuna ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami bayan sallar asuba.

Da farko, ka daina neman makullin motarka. Bai ɓata ba. Zainabu ba ta yar da shi ba, Nana ba ta jefa shi cikin randa ba. Duk faɗan da ka yi musu jiya da yamma a banza ka yi shi, ina zaune kan tabarmata ina jin ka, don haka sai ka ba su haƙuri. Ni na ɗauke shi. Zan faɗa maka inda yake da dalilin da ya sa, amma sai ka bi takardar nan har ƙarshe, kada ka riƙa tsallake layi yadda kake yi wa saƙonnin wayar salula.

Jiya da hantsi ka fito da motarka kat-kat ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, ka ce wa matarka za ka canja filaket na birkin baya kafin tafiya. Na jawo tabarma zaure kamar iska nake sha, alhali kai nake kallo. Ka jingina salula a jikin dutse, wani mutum a ciki yana ta nuna maka da Faransanci, kai kuma kana bin sa. Ni da na ci shekaruna a kan sitiyari da ƙarƙashin mota ina zaune taku kaɗan daga gare ka, ka gwammace ka tambayi gilashi. Ban ga laifinka ba, ni na koya maka kada ka tambaye ni. Kuma gaskiya ka yi aiki mai kyau. Ka sassauta notin ƙafa tun motar tana ƙasa. Ka ciro tsofaffin filaket, na hango su daga inda nake, sun cinye saura ƙiris ƙarfe ya fara cin faifan birkin. Ka buɗe murfin man birki ka duba, ka tura fistan da ke matse filaket baya a hankali don sababbin su sami wuri, ka goge sandunan da muƙamuƙin birkin ke zamewa a kansu ka shafa musu giris. Ka yi dama, ka yi hagu. Zuciyata ta cika da daɗi, ban nuna ba.

Sannan ka mayar da ƙafafu, ka sauke motar, ka ɗaure noti. Ladan ya kira la'asar. Ka kulle ƙofa, ka wanke hannu da omo, ka rataye makulli a ƙusar zaure, ka yi alwala ka tafi masallaci. Ina ta jiran ka shiga ka zauna a kujerar direba ko da ɗan lokaci kaɗan, ba ka shiga ba. Na buɗe baki in kira ka, ba ni da sunan da zan kira ka da shi, har ka sha kwana. Bayan fitarka na ji Zainabu tana ce wa innarka gobe da safe za ta ja motar baya zuwa bakin ƙofa don a fara loda kaya. A lokacin Nana tana tsugune a bayan motar, tana zuba ƙasa a gwangwanin tumatir.

Bari in koma baya, don ka gane abin da ya tashe ni daga tabarmar.

Ina saurayi na zo Yamai, aka kai ni koyon aiki wani garaji a Bukoki, wurin wani dattijo mutumin Tawa. Mafaɗaci ne, ba ya bayani sau biyu. A duk dokokinsa guda ɗaya ce yake duka a kanta. Wanda ya buɗe birkin mota, makullin motar yana cikin aljihunsa har ya gama, kuma gamawa a wurinsa sai an shiga an tattaka fedar birki ta yi tauri. Wata rana na sauke mota na miƙa masa makulli, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Maraɗi, ka taka?" Na ce ban taka ba tukuna. Ya ce, "To mi kake ba ni? Maida shi aljihunka. Motag ga gawa ce da kwalliya." Ya bi ni da mari. Na yi kwana da kwanaki ina jin haushinsa, ina cewa tsoho ya cika tsanani a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Daga garaji na koma tuƙi, na sami aikin direba a wani furoje na raya karkara, ina ja musu kat-kat zuwa ƙauyuka. A nan na yi wautata ta farko. Mu direbobi muna da wata magana a tsakaninmu, wai birkin gaba ne ke aiki, na baya rakiya yake yi. Sai ƙafar baya ta fara yi mini ƙara, wani siririn kuka in na taka. Maimakon in tsaya in duba, sai in ƙara muryar rediyo. Na yi ta tafiya a haka har ranar da na sauko gangaren Dogon Dutsi, mota cike da buhuna da mutane, amalanken jaki ya shigo mini hanya. Na taka, gaba ya kama, baya ya ƙi, gindin motar ya juya muka tsaya a gicciye. Ba wanda ya mutu, jakin ma ya tafi abinsa. Da aka buɗe, filaket babu sauran nama, ƙarfe ya huda faifan ya yi masa kwari. Don haka ka ji: motar da aka loda, kamar yadda za ku loda taku da katifu da tukwane, tana dogara da birkin baya fiye da yadda kake zato. In ta yi maka ƙara ka kashe rediyo ka saurara. In za ka canja, ka canja dama da hagu tare. Sababbin filaket kuma ba a yi musu tsawa, ka riƙa taka su sannu-sannu cikin gari har su zauna da faifan. In kun kai Doso ka tsaya ka kai tafin hannunka kusa da kowace ƙafa, in ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi sosai, a duba ta kafin ku ci gaba.

Ka sha ganin ɗan yatsana na hagu da ya karkace, ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Kirik ɗin ɗaga mota na kafa a kan yashi, ban sa katako a ƙarƙashinsa ba, don ina sauri. Yashin ya zame, motar ta zauna a kan hannuna. Jiya na ga ka sa katako, na ga ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar don ko kirik ya gaza. Ban san wanda ya koya maka ba, na dai san ba ni ba ne. Ka riƙe wannan har ka tsufa.

Waɗannan biyu a jikina da jikin mota suka ƙare. Ta ukun ita ce ta Rakiya.

Kana da wayo a lokacin, ka fara zuwa lakwal, makarantar boko, da kanka, ita kuwa ƙanwarka ko haƙoran gaba ba ta zubar ba. Na riga na bar furoje, sun sayar mini da tsohuwar kat-kat ɗin da nake ja. Ka tuna yadda muke da Hamani, maƙwabcinmu Bazabarme mai taksi. Kwano ɗaya muke ci. In taksinsa ta lalace yakan shigo zaure ya ɗauki makullina a ƙusa ba tare da ya tambaya ba, ni ma haka nake yi masa. A unguwar nan motata kaɗai ce babba, ita ke kai mara lafiya likita, ita ke ɗaukar gawa, kuma ban taɓa hana kowa ba. Ina alfahari da wannan ƙusa, ina ganin duk Kirkisoye ba wanda ya kai ni sakin hannu.

Ranar na canja filaket na baya, a wurin nan da ka yi naka, ƙarƙashin bedin nan, gaban motar yana duban bangonmu. Na tura fistan baya, na sa sababbi, na ɗaure, na sauke. Ladan ya kira la'asar. Na ce a raina in na dawo masallaci sai in tattaka in zagaya da ita. Na goge ƙurar da ke jikin ƙofa ma, don ta yi kyau. Na rataye makulli a ƙusa, na tafi.

Ka san abin da ke faruwa in an tura fistan baya? Tazara takan buɗe tsakaninsa da filaket. Takun farko na feda ba ya matse komi, man birki yana tafiya ne kawai ya cike wannan tazara, feda kuwa sai ta nutse har ƙasa kamar ka taka auduga. Sai an saki an sake takawa, an saki an sake takawa, sannan ta yi tauri. Aikin da bai kai tsawon alwala ba ne. Na san shi, an mare ni a kansa.

Muna cikin salla naƙuda ta kama matar Hamani, jini ya ɓalle mata. Taksinsa tana garaji. Ya rugo gidanmu, ya ga mota a kan ƙafafunta huɗu, a goge, babu kirik, babu kayan aiki a ƙasa. Ya ce wa innarka, "Mariyama, Malam ya gama?" Ta leƙa ta ga abin da ya gani, ta ce, "Ya gama, ɗauki ka tahi, Allah ya sauke ta lahiya." Ya tayar, ya sa baya. Ka san layinmu yana gangarawa wajen gulbi. Ku yara kuna wasa a jikin bangon gidan da ke fuskantarmu. Ya hango ku a madubi, ya taka birki tun da sauran wuri, feda ta tafi ƙasa. Da ya ɗaga ƙafa ya sake takawa, da wataƙila ta kama. Amma wa zai ɗaga ƙafa daga kan birki yana ganin yara a madubi? Ya danne da duk ƙarfinsa. Kai ka yi tsalle gefe. Rakiya tana tsugune, ta ba motar baya.

Muna zaman tahiya na ji kururuwar mata. Ban san yadda na yi sallama ba. Da na iso an riga an ja ta, an rufa mata zanen innarka. Hamani yana cikin motar har lokacin, ya riƙe sitiyari, ƙafarsa a danne a kan feda, sai da maza suka ɓamɓare shi. Da ya gan ni ya ce, "Malam Isufu, na taka. Wallahi na taka. Ba komi ƙarƙashin ƙahwata." Na ce, "Na sani, Hamani." Kai kana tsaye jikin bango kana kallonsa, kuma wannan kallon ba ka sauke shi ba har yau.

Yanzu ga abin da nake son ka fahimta, don shi ne ba ka taɓa ji daga bakina ba. Kafin 'yan sanda su zo, mutane sun yi ta shiga motar, wannan ya taka, wancan ya taka, kowa yana son ya ji ko birki ne. A haka suka gama mini aikin da na bari. Da ɗan sandan ya zauna ya taka, feda ta yi tauri kamar dutse. Ya zagaya layi da motar, ta tsaya cak. A kwamisariya, ofishin 'yan sanda, na ce musu laifina ne, na yi musu bayanin fistan da tazara. Babbansu ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, mun gwada, birkinka lahiya lau yake. Mutumin ya ruɗe ne ya taka totur. Mun san amininka ne kana son ka ruhwa mishi asiri, Allah ya ba ka lada." Na ce ba na ƙara, aka sallame shi. A zaman makoki na sake faɗa a gaban dattawa, liman ya dafa ni ya ce irin wannan yafiya sai waliyyai.

Daga nan na yi shiru. Wannan shirun shi ne wautata mafi girma, ya fi barin makulli a ƙusa muni, don makulli mantuwa ce ta rana ɗaya, shiru kuwa kullum da safe nake sabunta shi. Unguwa ta ɗora mini rawanin mai yafiya, ni kuma na gaji, zuciyata a farfashe, na ji rawanin yana da sanyi na bar shi a kaina. In na wuce a ce ga Malam Isufu da aka kashe wa ɗiya ya yafe. In Hamani ya wuce a yi ƙasa da murya. Matarsa ta haihu lafiya a ranar, wata taksi ta kai ta matarnite, asibitin haihuwa, aka raɗa wa yaron suna a cikin makon makokinmu, ba kiɗa ba guɗa. Hamani bai sake taɓa sitiyari ba. Ya sayar da taksi ya kama lambu a bakin gulbi wajen Harobanda, yana jan ruwa yana shuka kabeji da salati, mutumin da babu direba irinsa a garin nan. Bai taɓa buɗe baki ya ce laifina ne ba. Ni kuma duk Juma'a ina zuwa gidansa mu sha shayi, mutane suna ƙara yabona a kan wannan ma.

Kai kuwa ka girma da abin da idonka ya gani. Ka daina gaishe shi. In ka hango shi sai ka tsallaka layi. Ranar ɗaurin aurenka ya miƙo maka hannu a gaban jama'a, ka sunkuya kana gyara takalmi har ya mayar da hannunsa cikin riga. Ina tsaye ina gani. Innarka ta sha faɗa maka ba laifinsa ba ne, kana ce mata ita da Baba sun cika sanyin hali. Ita ma tana ɗauke da nata, don ita ta ce ya ɗauka, har yau ba ta iya kama sunan Rakiya, shi ya sa da ka sa wa ɗiyarka sunan muka koma kiranta Nana. Ni kaɗai ne zan iya zaunar da kai in warware maka, ni kuma wai ina jin kunyar ɗan fari. Na fake da al'ada, ɗana. Al'adar ba ta ce in bar ka ka ƙi mutum a kan laifina ba, ni na ga ta yi mini daidai na shige bayanta.

Don haka ga gargaɗina, kuma ya wuce mota. Kada ka bar aikin da bai ƙare ba ya yi kama da wanda ya ƙare. In za ka tashi ka bar shi, ka bar shi a buɗe yadda kowa zai gani: kirik a ƙarƙashi, taya a ƙasa, makulli a aljihunka ko da masallaci za ka. Salla ba ta hana ka shiga da makulli. A ofis ɗin da za ka ma haka ne, abin da ka taɓa ka san inda ka tsaya, ka faɗa wa na bayanka da bakinka. In kuwa aka yabe ka a kan abin da ka san ba haka yake ba, ka ƙi yabon tun yana ɗanye, ka yi ta faɗa har a gaji da kai, don in ya kwana biyu a kanka ba za ka iya cire shi ba. Kuma Nana ita ce ɗiyarka ta fari. Ka kira sunanta, ka zaunar da ita ka yi mata magana. Wanda ya ce ba ka da kunya ka turo shi wurina.

Jiya da na ji maganar Zainabu, na ga Nana a bayan motar, zama ya gagare ni. Na lallaɓa na tashi, na cire makullin daga ƙusa, na ɗauko duwatsu na tokare ƙafafun baya. La'asar ɗin ma a gida na yi ta. Na iya buɗe motar in tattaka fedar da kaina, in mayar da makulli, ba wanda zai sani, ku yi tafiyarku lafiya. Har na sa makulli a ƙofar. Sai na tsaya, don na tuna abin da na rasa a kwamisariya. Shedar da mutane suka tattake a ranar, ga ta ta dawo ƙofar gidana, a wuri ɗaya, ta hannun ɗana. Kuma taku ɗaya kawai take magana, daga na biyu ta fara ɓacewa. Na zare makullin ban buɗe ba.

Na nufi gidan Hamani kafin magariba. Ka san tun bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, yana kwance a rumfa. Na gaishe shi, ya ce, "Fofo, Malam, yau ba Juma'a ba." Na sa masa makullin a hannunsa mai lafiya. Ya jujjuya shi ya ce, "Mi zan yi da wanga, ni da ko keke ban hawa?" Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Yarinyar tana bayan motar?" Na ce tana bayanta. Ya rufe ido. Na ce, "Ka riƙe, mai shi zai zo ya karɓa." Ya ce, "Ba ya zuwa, Malam. Yaron ga ko inuwata ba ya takawa." Na ce in bai zo ba, ba ya tafiya Damagaram. Ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa, ya ce, "In ya zo, kar ka sa shi ya ba ni haƙuri. Ban son haƙurin dole. A ɗauke ni dai a kujera a kai ni ƙohwar gidanka, in gani da idona ya taka." Ya tura makullin ƙarƙashin matashinsa.

To, makullinka yana can. Ba zan aiki kowa ya karɓo maka ba, innarka ma na hana ta. Ka tafi da ƙafarka, ka yi sallama, ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Ɗansa, wanda aka haifa a ranar, yana gida, ku kama kujerar ku biyu ku kawo shi ƙarƙashin bedi. Ka sa Zainabu ta riƙe Nana a zaure. Kada ka cire duwatsun, kada ka tayar da inji. Ka shiga ka zauna, ka gyara madubi har ka ga bangon gidan da ke fuskantarmu. Sannan ka taka birki sau ɗaya, ka bar ƙafarka a inda ta tsaya, kada ka ɗaga. Ka zauna a haka kana duban bangon, gwargwadon yadda za ka iya. Abin da ka ji a ƙarƙashin ƙafarka, shi Hamani ya ji.

Bayan nan ka saki ka tattaka har ta yi tauri, ka duba man birki ka rufe murfin da kyau, ka zagaya layi a hankali kafin a ɗora ko tsinke. Abin da za ka ce wa Hamani in ka fito, ban rubuta maka ba, naka ne. In kuma ka fito ka ji ni ne ba ka son gani, ina zaure kan tabarmata, ba zan tashi ba. Ka zo ka faɗa mini duk abin da ke ranka, zan saurara. Na fi son ka bar garin nan kana fushi da ni da ka bar shi kana ƙin mutumin da ba na jin za ka sake tararwa in ka dawo hutu.

Allah ya ji ƙan Rakiya, ya sa tana cikin 'ya'yan aljanna. Allah ya ba Hamani lafiya, ya yafe mini abin da na bari ya ɗauka. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, daga Doso har Ƙonni, daga Maraɗi har Damagaram, ya raya Nana, ya ba Zainabu haƙurin zama da kai. Ka sani, wurin addu'a kaɗai ne nake kama sunanka, don a nan ba wanda ke ji sai wanda ba a ɓoye wa komi. Yau na rubuta shi ka gani. Ya Allah, ka kai Mahamman Lawali lafiya, ka dawo mini da shi lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isufu